Ginshiƙin Shekarun da Ban Duba Ba

Shekarun baya, sa'ad da na gama karatun kwamfuta a Zariya na dawo gida Makarfi, ba na jin akwai wanda ya kai ni ji da kai a unguwarmu. Ina da wata tsohuwar laftof da batirinta ba ya kai awa ɗaya, ina da jakar goyo, kuma ko manja aka aike ni saye sai na rataya ta. Mahaifiyata takan ce, "Kai dai wata rana da jakar nan za ka yi sallah." Aiki kuwa babu. Abin da nake yi bai wuce gyara wa mutane waya da cike wa ɗalibai fom ba, amma idan ka ji ni ina zuba a majalisa sai ka rantse ni ke riƙe da intanet ɗin jihar Kaduna gaba ɗaya.

Ku ƙannena da kuke turo min tambayoyi kan koyon rubuta manhaja, kun sha tambayata me ya sa nake takura muku kan abu ɗaya. Ga dalilin. Abin ya daɗe da wucewa, amma yau ne na fara iya rubuta shi.

Wata rana bayan la'asar abokina ya zo gidanmu a kan babur. Ma'aikacin lafiya ne, tare muka yi firamare. Ya ce wasu likitoci za su zo su yi wa mutane aikin yanar ido kyauta, kwana uku kacal za su yi, kuma ba kowa za su iya yi wa ba. Sharaɗinsu biyu ne: a tabbatar yanar mutum ta nuna, sannan a fara da waɗanda suka kai shekara sittin zuwa sama. Ma'aikatan asibiti sun riga sun zaga ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan, sun gwada jama'a, sun shigar da bayanansu a waya. Abin da ya rage a samu wanda zai haɗa fayilolin wuri ɗaya ya fitar da sunayen waɗanda za a kira.

Ya ce, "Za ka iya kuwa? Jibi ake so."

Na ce, "Jibi? Ai kafin shayinka ya huce na gama."

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba harkarsu ba ce. Idan muka ɗauko bayanai daga fayil, mukan loda su cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta su zama jadawali. Kowane mutum yana da layinsa a kwance. Kowane irin bayani kuma, suna ne ko ƙauye ko shekaru, yana da nasa layin a tsaye, shi muke kira ginshiƙi. To kowane ginshiƙi yana da irin abin da kwamfuta ta ɗauka yana cikinsa: wannan lamba ce, wancan rubutu ne, wancan kwanan wata. Wannan tsarin shi ake kira sikima. Akwai umarni guda, layi ɗaya tak, da za ka buga kwamfuta ta jero maka shi: sunan kowane ginshiƙi, irin abin da ke cikinsa, da yawan gurbin da ke cike. Malaminmu a Zariya har gajiya muka yi da jin bakinsa a kan wannan. Kullum sai ya ce kada mu nemi komai a wurin jadawali sai mun fara duba tsarinsa. Mu kuwa muna ganin tsufa ne ke damunsa.

Na haɗa fayilolin, na loda. Ban buga wannan umarni ba. Abin da na yi, na leƙa layuka biyar na farko. Duk mutanen cikin garin Makarfi ne, tsofaffin malaman makaranta da 'yan fansho, kowa da shekarunsa a rubuce da lamba tsaf. Na ce ai shi ke nan, ginshiƙin shekaru lamba ne.

Sai na ce wa kwamfuta ta ware min duk wanda ya kai sittin. Ta ƙi. Ta watso min jan rubutu, wai ba za ta iya auna rubutu da lamba ba. A nan ne Allah Ya ba ni dama ta biyu, na sa ƙafa na shure. Maimakon in tsaya in tambayi kaina wane rubutu ne ya shiga cikin shekaru, sai na yi tsaki. Na ce ma'aikatan ƙauye ne da shirmensu, wani ya danna harafi a wurin lamba. Akwai wata 'yar dabara da duk mai wannan sana'a ya sani: ka ce wa kwamfuta ta mayar da ginshiƙin lamba da ƙarfin tsiya, duk gurbin da ya ƙi zama lamba ta bar shi fanko. Na yi hakan. Jan rubutu ya ɓace. Na sake neman 'yan sittin zuwa sama, sunaye suka zubo reras. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, gurbin da yake fanko bai kai sittin ba, bai kuma gaza sittin ba. Kwamfuta tsallake shi take yi ba tare da ta ce uffan ba.

Ko awa ɗaya ban yi ba na kira abokina na ce ya zo ya karɓa. Aka buga sunaye, aka bi mutane da waya. Likitoci suka zo, suka yi kwana ukunsu, suka tafi. Tsofaffi da yawa suka samu ganinsu. Aka yi ta sa min albarka, har wani babba a asibitin ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce irinmu ƙasa ke buƙata. Kwana biyu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Bayan kamar sati ɗaya, da hantsi, mahaifina ya aiko a kira ni zaure, wai ina da baƙi. Na tarar da wani dattijo a zaune kan tabarma, dogo, ƙasusuwansa manya, idanunsa biyu sun yi fari fat. Can gefe kuma wata tsohuwa ce ta rakuɓe, ta ja mayafi. Matarsa ce. Daga Gubuchi suka taho, ita ta riƙo shi har cikin mota, ita ta sauko da shi. Ba kasafai ake ganin haka a wurinmu ba, amma 'ya'yansu maza duk sun tafi neman abinci kudu, matan kuma suna gidajen aurensu. Su biyu suka rage. Mahaifina ya san shi tun da daɗewa, ya ce a zamaninsa duk yankin babu wanda ya kai shi iya dafa mazarƙwaila.

Na durƙusa na gaishe su. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi amfanin gona, aka koma aka sake tambayar gida. Sai da gaisuwa ta ƙare sarai sannan dattijon ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin muryata.

Ya ce, "Ɗana, an ce kai ne mai fitar da sunaye. Ba ƙara na kawo ba, ka ji. Malamar da ta gwada ni ta ce tawa ta nuna sarai, in zauna kusa da waya za a kira. To mun zauna. Wannan baiwar Allah kullum sai ta kai wayar caji wurin mai shago, kada a kira a tarar ta mutu. Maƙwabcina, wanda na girma nesa ba kusa ba, an kira shi, ga shi can yana zura zare a allura. Shi ne na ce bari in zo in ji, ko akwai abin da ban cika ba."

Kun san abin da na ce masa? Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, ai ba mutum ne ya zaɓa ba, kwamfuta ce. Ita kuwa ba ta san kowa ba, ba ta son kai."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, haka ne."

Mahaifina bai ce haka ne ba. Kallona ya yi ya ce, "Tashi ka je ka duba."

Na shiga ɗaki ina ƙunƙuni, na buɗe laftof, na loda fayil ɗin asali, na nemi sunan dattijon. Ga shi nan. Ƙauye, Gubuchi. Gwaji, yanar ido ta nuna a idanu biyu. Na kai idona kan shekaru, sai na ga ba lamba ba ce. An rubuta: "Bai san adadi ba. Ya ce da aurensa aka yi babban fari."

Sai a lokacin na buga umarnin nan da ya kamata in fara da shi. Sikima ta fito. A gaban ginshiƙin shekaru kwamfuta ta rubuta ƙarara cewa rubutu ne, kuma kowane gurbi a cike yake. Na sake bin matakan da na bi ranar farko, na tilasta shi ya zama lamba, na sake buga umarnin. Yanzu ya zama lamba, amma gurbin da ke cike ya ragu da mutum talatin da wani abu. Na ware su na fara karantawa ɗaya bayan ɗaya.

"Ta ce tana goyon ɗanta na fari aka kawo makaranta garinsu." Wannan daga ƙauyen Furana. "Sa'an limamin garin ne, tare aka yi musu kaciya." Wannan daga ƙauyen Taba. "Ya girmi mai unguwa." "Ta ce ta ga jikan jikanta." "Ya ce a tambayi ƙaninsa, shi ya yi boko."

Ban gama karantawa ba na gane abin da na aikata. Wa ke faɗin shekarunsa da fari da kaciya da zuwan makaranta? Wanda aka haifa tun ba a rubuta haihuwa. Wato mafi tsufa a cikin jama'ar, waɗanda saboda su aka shirya aikin tun farko. Su na share, su kaɗai, kamar da gangan na bi na tsince su. Ni da aka haifa a garin nan, ni da kakata ta rasu ba ta taɓa faɗin shekarunta da lamba ba, ni ne na manta yadda tsofaffinmu ke ƙirga zamani.

Zan so in ce muku na fita na faɗi gaskiya nan take. Ban yi ba. Na koma zaure na ce, "Baba, an samu matsala ne wajen shigar da bayanai, amma za mu bincika." Ya yi godiya, har da addu'a. Matarsa ta miƙe, ta kama hannunsa ta ɗora a kafaɗarta, suka fita.

Washegari na hau babur na tafi neman wadda ta shigar da bayanan, da niyyar in sauke mata kwandon laifin. Wata malamar asibiti ce, Kirista daga kudancin Kaduna, ta fi shekara ashirin tana aiki a ƙauyukan nan, kowa Sista yake ce mata. Na same ta tana auna jarirai a ƙarƙashin bishiya. Na jira ta gama, sannan na buɗe laftof na nuna mata.

Na ce, "Sista, wurin lamba ne fa nan. Me ya sa kika cika shi da labari?"

Ta cire tabarau ta kalle ni. Ta ce, "Ƙanena, tsoho ya ce min bai san shekarunsa ba. In ƙirƙira masa? Wasu haka suke yi, su kalli furfura su rubuta saba'in. Ni ba na yi. Abin da ya faɗa min na rubuta, don duk ɗan yankin nan da ya karanta ya san wannan ya wuce sittin da nisa." Ta ƙara da cewa, "Ni na ɗauka mutum ne zai karanta."

Na rufe laftof ɗina na ba ta haƙuri.

Abokina ya kira likitocin. Suka ce sun riga sun wuce wata jiha, kayan aikinsu ma sun ƙare, sai dai baɗi bayan girbi idan Allah Ya kai mu. Na tambayi abin da ake kashewa a yi aikin a asibitin kuɗi, na ji abin da ko laftof ɗin na sayar ba zai yi wa mutum ɗaya ba, balle talatin. Babu abin da ya rage sai jira.

Ranar Juma'a bayan an sauko na tafi Gubuchi. Na same su a tsakar gida, shi yana kan tabarma, ita tana gyaran wake. Na durƙusa na faɗa masa komai. Na ce ba kwamfuta ba ce, ba Sista ba ce, ni ne. Na ce akwai abin da ya kamata in duba ban duba ba, saboda gaggawa da ganin na iya.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "To. Ka kyauta da ka zo da ƙafarka. Allah bai nufa ba ne bana." Ya ɗan murmusa. "Ni ba gona nake so in gani ba, ɗana, na ga gona har na gaji. Shekara huɗu ke nan rabona da fuskar wannan baiwar Allah. Muryarta kawai nake ji tana min faɗa."

Tsohuwar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Me za ka gani? Tsohuwa ce duk ta yamutse. Gara ma ka zauna da wadda ka sani a da."

Ya ce, "A'a, a bar ni in gani da idona. Wa ya sani ko canza min ke aka yi."

Ta yi dariya har da rufe baki da gefen zane, ta ce, "Ji tsohon nan, a gaban yaro." Ni ma na yi dariya, amma a kan hanyar komawa sai da na tsayar da babur a gefen wata gonar rake na share hawaye.

Watannin da suka biyo baya ni da Sista muka bi mutanen nan ƙauye ƙauye. Mukan zauna da mai unguwa da liman da duk wani dattijo mai tunani, a yi ta lissafi: wane ya girmi wane, makaranta ta zo kafin rijiya ko bayanta. Na sake gina jadawalin da ginshiƙi biyu, ɗaya na abin da mutum ya faɗa da bakinsa, ɗaya na ƙiyasin da dattawa suka amince da shi. Sunan dattijon Gubuchi na sa a farko.

Ana tsakiyar damina abokina ya kira ni ya ce matar dattijon ta rasu. Zazzaɓi ne na kwana uku. Na je ta'aziyya, na zauna a cikin jama'a, na kasa matsawa kusa da shi. Shi ya ji muryata a cikin masu amsa addu'a, ya ce, "Mai kwamfuta ne? Matso mana." Ya riƙe hannuna ya ce in yi mata addu'a, ta sha tambaya ko an ji labarin likitoci.

Bayan girbi likitocin suka cika alkawari. Cikin mutanen da na share, uku ba su kai lokacin ba. Sauran an yi musu. 'Yar dattijon ce ta kawo shi, kuma ina tsaye a ɗakin lokacin da aka cire masa bandeji washegari da safe. Ya yi ta ƙifta ido, hawaye na zuba, yana kallon silin, yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Ina mai kwamfuta?"

Na ce, "Ga ni, Baba."

Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Ashe ɗan siriri ne kai. Da murya na ɗauka wani ƙato ne." Duk ɗakin aka yi dariya.

Da mutane suka ragu sai ya yafito ni, ya rage murya. Ya ce, "Ranar da malamar nan ta gwada ni, na ji ta ce in tsaya za ta ɗauke ni hoto. Matata tana tsaye a gefena a lokacin. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba, ko na biki. Ko ta fito a ciki?"

Hotunan da ma'aikatan suka ɗauka suna cikin laftof ɗina tare da fayilolin, ban taɓa buɗe su ba. Na nemo nasa. Fuskarsa ce ta cika hoton, da fararen idanun nan. A kafaɗarsa ta dama kuma ga wani hannu ya dafa shi, yatsu huɗu da ɗan guntun wuyan hannu. Iyakarta ke nan.

Na juya masa allon. Ya ce in matso da shi, na matso. Ya ce, "Fuskar ba ta fito ba?"

Na ce, "Ba ta fito ba, Baba."

Ya daɗe yana kallo. Ya kai yatsa kamar zai taɓa, ya fasa. Sannan ya ce, "Hannunta ne. Ya tsufa. Ban san ya tsufa haka ba."

Yau ina da aikin yi, na kuma rubuta manhajojin da suka fi wancan wuya nesa ba kusa ba. Amma duk jadawalin da na loda, ko na mutum goma ne, sai na fara buga sikimarsa. Ina duba irin abin da ke kowane ginshiƙi, ina ƙirga gurbin da ke cike kafin in taɓa shi da bayan na taɓa shi, kuma duk layin da ya ƙi shiga tsari sai na karanta shi da idona. Abokan aikina suna min tsiya wai na cika nawa, ba na musu. Na daina ganin jan rubutu a matsayin abin da ke ɓata min lokaci. Sau da yawa wani ne a ciki yake faɗin gaskiyarsa ta hanyar da ban tanadar mata wuri ba. Dattijon bai taɓa ɗora min laifi ba har ya koma ga Allah, kuma na yarda kwanan matarsa ne ya ƙare, ba ni na rage shi ba. Amma shekarar nan guda da zai yi yana kallonta, ni na ɗauke masa ita, kuma wannan ban san ranar da zai bar ni ba.

Kafin a sallame shi daga asibiti ya roƙe ni in wanke masa hoton a takarda. Na kai wa mai wankin hoto a bakin kasuwar Makarfi. Ya buɗe, ya duba, ya ce, "Akwai hannun wani da ya shigo ta gefe. In yanke shi ne hoton ya fita tsaf?"

Na ce masa ya bar shi yadda yake.